Gudun Awa Shida a Turbar Daji: Amsoshin Tambayoyinku

Saƙonni sun taru a wajena a kan gasar gudun da ake yanka wa lokaci maimakon nisa. Ga wanda bai san ta ba, ana ware wata turba a daji ko a kan tudu, mai hawa da gangara, wadda ke zagayowa ta dawo inda ta faro, sai a ba masu gudu awa 6, ko 12, ko 24, kowa ya yi iya zagayen da zai iya, a ƙirga idan lokaci ya cika. Akwai ma wani salo da Ba'amurke Gary Cantrell ya ƙirƙiro a jihar Tenesi, inda ake yin zagaye ɗaya na kilomita 6.7 a cikin kowace awa, a ci gaba har sai mutum ɗaya ya rage. Ina son irin wannan gasa saboda dalili guda: a kowane zagaye mutum na dawowa gaban 'yan kulob ɗinsa su ga fuskarsa, kuma idan ya tsaya, zagayen da ya riga ya yi ba sa zubewa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, zan shiga gudun awa 6 tare da kulob ɗinmu. Abokai sun ce in riƙa shanye gorar ruwa a kowane zagaye ko da ban ji ƙishirwa ba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokanka alheri suke nufinka da shi, amma kada ka bi wannan shawara. Kowa ya san illar ƙarancin ruwa a jiki, kaɗan ne suka san cewa yawansa ma yana kisa a dogon gudu. A cikin jini akwai gishirin da ake kira sodiyam, wanda awonsa a jikin lafiyayye yake tsakanin 135 zuwa 145. Idan ka yi ta ɗura ruwa fiye da abin da kake fitarwa, sai jinin ya tsinke, gishirin ya yi ƙasa, ruwan ya tsallaka cikin ƙwayoyin jiki su kumbura. Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin ƙoƙon kai take, ba ta da wurin kumbura. Daga nan sai ciwon kai, amai, ruɗewa, jijjiga, wani lokaci har rasa rai. Ƙodar mutumin da ke zaune ma ba ta iya fitar da fiye da kimanin lita ɗaya a awa, ballantana ta mai gudu, wadda jiki ke umarta da ta riƙe ruwa.

A gudun fanfalaki na birnin Boston na 2002 an auna jinin mutum 488 bayan sun kammala, aka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirinsu ya sauka ƙasa da ƙa'ida. Waɗanda abin ya fi shafa su ne waɗanda nauyinsu ya ƙaru a lokacin gudun, da waɗanda suka wuce awa 4 a hanya. Ka lura da wannan na biyun. Mai gudu a hankali, wanda ke wucewa ta teburin ruwa a kai a kai, shi ne ya fi shiga haɗari, kuma haka gasar zagaye take. Lemon 'yan wasa mai gishiri ma bai kare waɗanda suka sha da yawa ba.

Ka sha idan ka ji ƙishirwa, ka dakata idan ta kwanta. Jiki magayi. In kana son sanin gwargwadon zufarka, ka hau ma'auni kafin atisayen awa ɗaya da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kimanin lita ɗaya ce, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Ranar gasa kuma, idan ka ga yatsunka sun kumbura, cikinka na ƙugin ruwa, kanka na sarawa, ka ajiye gorar ka nemi ma'aikacin lafiya.

Tambaya: Likita, nakan haɗiyi ibufurofen kafin dogon gudu don kada ƙafafuna su dame ni. Bayan gudun da na yi na ƙarshe fitsarina ya koma kalar baƙin shayi na kwana ɗaya, sannan ya washe. Akwai damuwa?

Amsa: Akwai, kuma ina roƙonka ka je a auna ƙodarka kafin ka sake ɗaura takalmin gudu. Dogon gudu, musamman gangara, yana yayyaga zaren tsoka. Kaɗan daga wannan ba komai ba ne, shi ne tsamin jikin da ke tsananta a kwana na biyu ko na uku. Amma idan ɓarnar ta yi yawa, tsokar na zubar da wani sinadari mai suna mayoglobin cikin jini, ya je ya toshe matatar ƙoda. Shi ne ke rina fitsari ya koma kamar shayi. Wani lokaci jini ne daga mafitsara, wani lokaci tsananin ƙarancin ruwa ne, kuma gwaji ne kawai zai bambance.

Ibufurofen da dikulofenak da danginsu suna rage jinin da ke isa ƙoda, a daidai lokacin da gudu ya riga ya karkatar da jinin zuwa ƙafafu da fata. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun wallafa wani gwaji a 2017 a kan masu gudun kilomita 80 su 89. Cikin waɗanda aka ba ibufurofen, kashi 52 cikin ɗari sun nuna alamar rauni a ƙoda, cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kuwa kashi 34. Adadin mutanen bai da yawa, amma ya ishi mai hankali. Ga kuma gyambon ciki da waɗannan magunguna ke tayarwa.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne dalilin shan. Ciwo saƙo ne, kai kuma kana toshe masa baki tun kafin ya yi magana. Tsagewar ƙashin ƙafa da ciwo ƙarami take farawa, a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa da kowane taku. Idan dole ne sai an sha wani abu, farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, kada babba ya wuce giram 4 a yini. Nan gaba kuma, duk ranar da ka ga wannan launi tare da ƙarancin fitsari ko kumburin cinyoyi, asibiti za ka nufa a ranar.

Tambaya: Likita, shekarata 53, ina shan maganin hawan jini. 'Ya'yana sun ce in haƙura da wannan gasa, ni kuma raina na so. Me ka gani?

Amsa: Ranka ya daɗe, hawan jinin da aka shawo kansa ba ya hana gudu, motsa jiki ma yana cikin maganinsa. Tsoron 'ya'yanka dai yana da tushe. Wani bincike a Amurka ya bi diddigin masu gudun fanfalaki da rabinsa miliyan 10.9 daga 2000 zuwa 2010, ya samu mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ga wanda ya haura 35, mafi yawan sanadinsa toshewar jijiyoyin zuciya ne, wadda kan yi shekaru ba ta nuna kanta ba.

Don haka ka fara da likitanka. A auna jinin, a duba sukari da kitsen jini da ƙoda, a yi gwajin zuciya da ake manna wayoyi a ƙirji, in da hali a yi shi kana tafiya a kan injin motsa jiki. Idan awonka na kaiwa 160/100 kana zaune, a daidaita shi tukuna. Ka faɗa masa sunan maganinka: masu sa fitsari suna saurin busar da jiki, irin su atenolol kuma suna rage bugun zuciya har agogon hannunka mai auna bugun ya ruɗe ka. Kada ka tsallake magani da kanka ranar gasa. Idan ka ji nauyi a ƙirji, ko ciwo na sauka hannu ko muƙamuƙi, ko hakin da bai dace da saurinka ba, ko jiri kamar za ka faɗi, to gasar ta ƙare a nan. Ka ɗauki mafi gajeren lokaci a karon farko, ka taka da ƙafa a duk hawa, haka ƙwararru ma suke yi.

Tambaya: Likita, ni mace ce 'yar shekara 27. Da na kai awa biyu sai ƙarfina ya yanke tashi ɗaya, in na ci abu kuma zuciyata ta tashi. Sannan wata huɗu ke nan ban ga al'adata ba, kuma ba juna biyu gare ni ba.

Amsa: 'Yar'uwa, na farkon mai sauƙi ne. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta, kimanin rabin kilo, kuma gudu mai ƙarfi na cinye shi cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kin jira har rumbun ya ƙare kafin ki ci, alhali a lokacin jini ya bar hanji. Ki fara tun a rabin awar farko, kaɗan-kaɗan, giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa. Matsakaiciyar ayaba ɗaya na da kimanin giram 25. Ki koya wa cikinki wannan a atisaye, kada ki gwada sabon abu ranar gasa.

Na biyun ne ya fi tsaya mini. Ɗaukewar al'ada wata uku ko fiye ga mai yawan gudu sau da yawa alama ce cewa abin da take ci bai kai abin da take ƙonawa ba, sai jiki ya rufe wasu ayyuka don ya tsimi ƙarfi. Sinadarin mata ya yi ƙasa, ƙashi ya fara laushi, tsagewa ta biyo baya. Wasu 'yan wasa na ɗaukar wannan a matsayin shaidar ƙwazo, kuma kuskure ne babba. Ki ga likitan mata, a duba sauran dalilai, a auna yawan jininki da sinadarin ƙarfe. Ni dai da za ki ji tawa, ki ɗage wannan gasar, ki rage nisa ki ƙara abinci har al'adar ta dawo.

Tambaya: Likita, jinina AS ne. Zan iya shiga?

Amsa: Za ka iya, akwai manyan 'yan wasa masu irin jininka. Haɗarin yana zuwa ne idan aka haɗa gudun ƙure ƙarfi da zafi, ko ƙarancin ruwa, ko tsauni mai tsayi sosai, ko zazzaɓi. Alamarsa ƙafafu su yi sanyi su kasa ɗaukar mutum, da ciwo a cinya ko baya, ba tare da tsokar ta ƙulle ta yi tauri ba. Da ka ji haka ka tsaya nan take. Ka sanar da shugabannin kulob irin jininka, kuma ka guji tseren mintunan ƙarshe da ake yi don a ƙara zagaye ɗaya. Mai SS kuwa maganarsa daban ce, sai da likitan jininsa.

Tambaya: Ƙafata na yin bororo, farcen babban yatsana ya yi baƙi.

Amsa: Takalminka ya matse, ko ƙafar na zamewa gaba a gangara. Ƙafa na kumbura a dogon gudu, ka nemi wanda ya bar faɗin yatsa ɗaya a gaba, ka yanke farce, ka canza safa da zarar ta jiƙe, ka manna filasta a inda ka fara jin zafi tun bai tashi ba. Farcen zai faɗi wani ya fito. In akwai ciwon sukari ko mugunya, a nuna wa likita.

Tambaya: Likita, ni ne zan zauna a rumfar kulob ina ƙirga wa mutanenmu zagaye. Yaya zan gane wanda ya kamata a tsayar?

Amsa: Malam, aikinka ya fi na ƙirga girma, domin wanda kansa ya ruɗe bai san ya ruɗe ba, zai ma rantse maka lafiyarsa ƙalau. Gajiya, tsamin ƙafa, ɓacin rai, duk na gasa ne. Abin da za ka sa wa ido shi ne sauyin hali da tafiya: tangaɗi, magana ba kan gado, faɗa ba dalili daga mutum mai sanyin hali, amai a jere. A kowane zagaye ka yi masa tambayar da sai ya yi tunani, kamar zagaye nawa ya yi, ko me ya ci a baya. Ku yi yarjejeniya tun kafin a tashi cewa idan ka ce a zauna, an zauna.

Idan ana zafi, mutum ya ruɗe kuma jikinsa ya yi rau, ka ɗauka zafi ne ya buge shi, ko da yana zufa. Zafin cikinsa na iya haura digiri 40, kuma rabin awar farko ita ce komai. A tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya, in babu a yi ta kwarara masa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma na kiran motar asibiti. Farasitamol ba ya aiki a nan. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, zai iya shaƙewa, kuma in gishirinsa ne ya sauka an ƙara masa ciwo. Wanda ya faɗi ba ya numfashi yadda ya kamata, a fara danna ƙirji nan take, saboda haka a samu aƙalla mutum biyu a kulob da suka koyi yin sa.

Sanyi ma haka. Ranar 22 ga Mayu 2021, a gasar kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin, iska da ruwa da ƙanƙara suka rutsa da masu gudu a kan tsauni, da yawansu da 'yar riga da gajeren wando. Cikin mutum 172 da suka tashi, 21 suka rasu, har da gwanayen da suka fi kowa. Idan gasarku za ta kai dare, kowa ya ajiye busasshiyar riga da rigar ruwa da tocilan goshi a rumfarka, wanda ya tsaya kuma a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi tun bai fara karkarwa ba. Ka riƙe takarda mai ɗauke da magungunan kowa da lambar wanda za a kira, kuma duk wanda ya zo da zazzaɓi a safiyar, ka ba shi kujera kusa da kai ya taya ka ƙirga.