Zan buga labarin shekara biyun da na yi ina wa'azi: in faɗi komai?

Tambaya: Ni ɗan ikilisiyar da ake kira Mormon ne. Na yi shekara biyu ina aikin mishan a Ghana, kullum da dare ina rubuta abin da ya faru. Yanzu ina so in mai da shi littafi, amma a ciki akwai kwanakin da bangaskiyata ta yi rauni, da saɓanin da muka yi da abokin aikina. In na saka, 'yan'uwa za su ce na tona asiri. In na cire, sai in ga kamar na yi ƙarya. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka cire su. Na daɗe ina gyara rubutun masu ba da tarihin rayuwarsu, kuma babu abin da ke kashe irin wannan littafi kamar marubuci ya wanke kansa tas.

Masu karatunka ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda suka yi mishan kamarka su ne za su fi riƙe littafin da hannu biyu, domin sun san tashin ƙarfe shida da rabi na safe, sun san bajon da ke ɗauke da "Elder", laƙabin maza masu mishan, a ƙirji, sun san zama dare da rana da mutumin da ba kai ka zaɓe shi ba. Wanda ya yi kafin 2019 ma ya san ɗacin kiran gida sau biyu kacal a shekara. Su kam raunin da kake jin kunyarsa sun ɗanɗana shi, ko da ba su taɓa furtawa ba. Wasu dattawan ikilisiya za su so shaida zalla mai ƙarfafa matasa, waɗanda suka bar ikilisiyar kuma za su ce ka yi sassauci. Ba za ka gamsar da duka biyun ba, kada ma ka gwada.

Wanda na fi damuwa da shi shi ne mai karatun da bai san komai game da ku ba, sai samari biyu da farar riga da taye suna tafe a rana. Tambayarsa ta farko ita ce: me ya kai baƙar fata ikilisiyar da ta daɗe tana hana baƙaƙe zama firistoci har zuwa 1978? Ka amsa masa da bakinka, yadda kai ka sha fama da tambayar. Kuma tun da a Ghana ka yi aiki, in tsofaffi sun ba ka labarin yadda gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan ikilisiyar a 1989 har zuwa ƙarshen 1990, 'yan ikilisiyar suka koma yin sujada a gidajensu, to wannan babi ne guda.

Abu biyu ne zan ce ka taka a hankali. Ibadun cikin haikali, waɗanda kuka yi alkawarin ba za ku bayyana ba, ka bar su. Labarinka bai rataya a kansu ba. Sai mutanen da suka buɗe maka ƙofa suka gaya maka damuwarsu. Amana suka ba ka, don haka ka sauya sunayensu da na unguwanninsu.

Sunan Mormon kuwa, tun 2018 shugaban ikilisiyar na lokacin, Russell M. Nelson, ya nemi a daina amfani da shi, saboda haka wasu za su yi tsaki in sun gan shi a bangon littafin, alhali na waje da shi suka san ku. Ka kuma rubuta a shafin farko cewa da yawunka kake magana, ba da yawun ikilisiya ba. Game da inda za ka buga kuwa, maɗaba'ar Deseret Book mallakar ikilisiyar ce, ta fi karkata ga littattafan ƙarfafa bangaskiya. Kana iya bugawa da kanka ta Amazon ko maɗaba'ar gida.

Kafin ka kai wa mai ɗab'i, aika wa abokin aikin nan naka babin saɓaninku, ka ji yadda shi yake tuna ranar.