Ciyawar roba a tsakar gida: ta dace da yara masu tatata?

Assalamu alaikum Anti. Tagwayena sun shekara ɗaya da rabi, tsakar gidanmu kuma daɓen siminti ne, kullum gwiwoyinsu a ƙuje. Babansu ya ga ciyawar roba, wadda wasu ke ce wa kafet ɗin ciyawa, a wata makarantar yara, ya ce zai sa a shimfiɗa mana ita tun daga ƙofar zaure har bakin kicin. Mu saya? Uwar tagwaye, Kano

Wa alaikumus salam Maman tagwaye, Allah ya raya su. Ku saya, amma ki roƙi Babansu ya dakata da maganar tsakar gida duka.

Dalilina na farko rana ce. Ciyawar gaske tana fitar da danshi ta ganyenta, shi ya sa ko da tsakar rana za ki taka ta da sanyi-sanyi. Ta roba zafi take sha ta riƙe. Ranar da zafin gari ya kai digiri 40, abin da Kano ta saba gani a watan Afrilu, saman ciyawar robar da ke cikin rana yana iya haura digiri 60. Babba ya taka, zai yi tsalle ya koma inuwa. Yaro mai tatata tsayawa yake yi a wurin yana tsala ihu, ko ma ya zauna daɓas, ga fatar tafin ƙafarsa ba ta yi kauri ba. Mai sayarwa zai ce miki a watsa mata ruwa ta huce. Gaskiya ne tana hucewa, sai dai ba a jimawa zafin ya dawo, in kuma a wajen 'yan ga-ruwa kuke sayen ruwa, kin ga an ƙara muku wani kashe kuɗin. Abin dariya ma, wannan ciyawa ta fara suna ne a 1966 a wani rufaffen filin wasa da ke Houston a Amurka, inda ciyawar gaske ta mutu don rashin hasken rana. Tun asali 'yar inuwa ce.

Don haka ki fara duba inda inuwa ke daɗewa a gidanku, gindin darbejiya ne, ƙarƙashin rumfa ne, ko gefen katanga. Nan za a shimfiɗa. Mita biyu a faɗi, uku ko huɗu a tsawo, ya ishi tagwaye birgima. Galibi a naɗe ake kawo ta, faɗin mita 2 ko 4, kin ga za a yanko muku falle guda babu haɗi, ba inda ɗan yatsa zai shiga ya ɓanɓare. Kafin a biya kuɗi, ki karɓi ɗan ƙyalle daga shagon, ki ajiye a wurin har bayan azahar, ki ɗora bayan hannunki a kai. In kin kasa jurewa, yaranki ma ba za su jure ba.

Na biyu, abin da ke ƙarƙashi. Ciyawar da aka ɗora kai tsaye a kan siminti tana hana ƙujewa, amma in yaro ya faɗi ta baya ƙeyarsa simintin za ta tarar. Akwai soso na musamman da ake shimfiɗawa kafin ciyawar, mai hudoji da ruwa ke bi ya wuce. Ku nemi shi, kada ma'aikaci ya lallaɓe ku da soson katifa, wanda zai sha ruwan damina ya ruɓe ya cika gida da wari. In da niyyar kafa lilo ko abin sulu a wurin, kaurin soson ya danganta da tsayin da yaro zai iya faɗowa, kuma mai kaya na ƙwarai zai nuna muku takardar gwajinsa, wadda sau da yawa za ki ga lambar EN 1177 a jiki.

Kada a shafe bayan ciyawar duka da gam. A manne gefuna kawai, a bar hanyar da ruwa zai gangara zuwa rariya. Gefen da ya ɗaga yana harɗe ƙafar yaro, kuma maɓoya ce mai kyau ga kunama.

Anti, na je shago a Abuja an nuna mini kala uku, gajera da matsakaiciya da doguwa mai laushi. Mai shagon ya ce in haɗa da buhunan baƙin garin roba da ake barbaɗawa a ciki. Ɗiyata wata goma sha huɗu gare ta, komai ta samu sai baki. Wanne zan ɗauka? Baban yarinya, Abuja

Malam, ka bar masa garin robarsa. Yawancinsa tsofaffin tayoyin mota ne aka niƙa, kuma don filin ƙwallo aka yi shi, ba don mai rarrafe ba. Yana ƙara zafi, yana bin ƙafa har gado, yarinyar da ka kwatanta kuwa sai ta ɗanɗana. A 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 za a daina sayar da irin wannan gari a ƙasashenta, saboda ɓarɓashin roba da ke malala cikin ƙasa da ruwa. Ɗan fili irin naka ba ya buƙatar barbaɗin komai. In ka ga zaren yana kwanciya, wankakken yashi kaɗan ya wadatar.

Cikin ukun, ɗauki ta tsakiya, mai tsawon zare kamar milimita 25 zuwa 30. Gajerar tana da kaushi, tana goge fata. Doguwar ita ce ke jan ido a shago, amma tana haɗiye ƙwayar shinkafa da ɗan kunne da allura, sharar ta kuma aiki ce. Ka ja zaren da yatsu biyu da ƙarfi, in ya tsinko, to a bakin ɗiyarka zai ƙare. Ka juya bayan ka ga ko akwai hudojin ruwa. Ka sansana, mai warin fetur ko ƙonanniyar roba ka ajiye ta. Ka kuma tambaya ko an yi ta ne don waje, domin akwai mai araha da ake yi wa ado a wurin biki, wadda rana ke cinyewa ta koma gari.

Ta hannu kuwa, wadda aka ciro daga wani tsohon fili, ko kyauta aka ba ka kada ka kai gida. A 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi gargaɗi kan darma da aka samu a ƙurar wasu tsofaffin filaye masu zaren nailan. Mu da muka ga abin da gubar darma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

'Yata, jikokina ne ke wuni a wajena. Ina da kaji da akuya biyu, a tsakar gida nake girki da gawayi. Ɗana ya ce zai aiko mini da wannan ciyawa. Kaka, Maraɗi

Hajiya, ki yi masa godiya, ki ce ya sa a kafa miki rumfa da kuɗin. Ƙasa tana shanye kashin kaji da fitsarin akuya, roba kuwa riƙewa take yi a tsakanin zare, sai an bi da ruwa da sabulu da burushi, jikoki kuma a nan za su tsinci abin da ya faɗi su ci. Garwashi ɗaya ya tashi daga kurfoti ya sauka a kai, ya narka wurin ke nan, ba a gyarawa sai dai a yanke a yi faci. Ga ƙurar hunturu da za ta cika ta cikin 'yan kwanaki. Ki shimfiɗa musu babbar tabarma a ƙarƙashin rumfar, da yamma a kakkaɓe a naɗe kafin a saki dabbobi.