Za a rufe reshen bankin ƙauyenmu, ina makomar kuɗina?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa reshen banki ɗaya tilo da ke ƙauyensu, wanda tun zamanin mahaifinsa suke ajiya a ciki, an liƙa sanarwar rufe shi. Yana tambaya ko ya kwashe kuɗinsa tun da wuri.

Alhaji, kwantar da hankalinka. Ajiyarka tana wuyan bankin ne, ba ta cikin wancan ginin. Rufe reshe daban, karyewar banki daban. Asusunka zai koma wani reshe da kuɗinka cif.

Da yawa daga rassan karkara ba riba ce ta kai su can ba, doka ce. A Indiya gwamnati ta karɓe manyan bankuna 14 a 1969, sannan daga 1977 aka ce duk bankin da zai buɗe reshe ɗaya inda ake da banki, sai ya buɗe huɗu inda babu. Babban Bankin Najeriya ma a 1977 ya tilasta wa bankuna shiga karkara. Da tilas ta kau, sai lissafi ya dawo: albashi, tsaro, motar dakon kuɗi, ga jama'a sun koma waya. Birtaniya kaɗai ta rasa rassa sama da 6,000 daga 2015 zuwa yau.

Abin da ya fi damuna shi ne sanayya. Manajan nan ya san lokacin da kasuwarka ke ci da lokacin da take kwanciya, ya san ba ka taɓa saɓa alkawari ba. A sabon reshe ba wanda ya san wannan, takarda kawai za su duba. Don haka kafin ranar rufewa ka je da kanka ka karɓi bayanan shige da ficen asusunka na shekarun baya, kowane shafi da hatimi. In ka taɓa cin bashi ka biya, a rubuta maka shaida. In akwai takardar fili ko ta gida da ka ba su jingina, kada ka tashi daga kujerar sai an gaya maka a rubuce inda za a kai ta; a irin wannan ƙaura ne takardu ke salwanta.

Cinikin yau da kullum kuwa, wakilin banki, wato mai POS da ke karɓa da biyan kuɗi a madadin banki, zai ishe ka, amma ka tambayi iyakar abin da yake iya karɓa a rana, kuma kada ka bar gabansa sai saƙon shigar kuɗi ya faɗo wayarka.