Gidan da zaman haya ya zana mini

Salamu alaikum. Ƙanwata mai tambaya, kin ce da za a miƙo wa mutum kuɗi a ce ya gina gidan da ransa ke so a nan Jos, me da me zai sa a ciki. Na kuma ga naki lissafin: bene hawa biyu, falo uku, gilashi tun daga ƙasa har sama, da wurin iyo a bayan gida. Allah Ya ba ki, Ya ba mu. Wurin iyon nan ne dai ya sa ni dariya ni kaɗai, don na tuna asubar Janairu, lokacin da mutum ke tsugunawa gaban buta yana shawara da zuciyarsa kafin ya fara alwala. A garin nan wa zai faɗa cikin kwarmin ruwan sanyi da sunan jin daɗi?

Kada ki ce na raina miki. Irin naki nake ɗauke da shi a kai lokacin ina amarya. Sai na yi shekara 19 ina zaman haya, gida biyar, daga Gangare zuwa Rikkos, daga nan Anguwan Rogo, har muka ƙare a wajen hanyar Bauchi. Duk gidan da na shiga sai ya goge wani abu a zanen da ke kaina ya sa nasa. Abin da ya rage shi zan gaya miki.

Gidan da nake so, tun ba a kai ga bulo ba, a kan tudu yake. Ba kan tsauni ba, wurin dai da ruwa zai wuce ya bar ni. Muna Rikkos aka yi ambaliyar watan Yulin 2012, da aka tafka ruwa madatsar Lamingo ta tumbatsa. Mu Allah Ya taimake mu muna ɗan sama, iyakarsa gwiwa a tsakar gida, katifu da buhun shinkafa muka rasa. Waɗanda ke bakin rafi kuwa rayuka suka rasa, har da ƙananan yara. Tun daga ranar na daina kallon fili da rani. Dillali zai kai ki a watan Fabrairu, ƙasa ta bushe ƙayau, ya ce miki nan ko digo ba ya kwana. Ki ce masa kin ji, za ki dawo a Agusta. Ki je bayan an ɗauke ruwa da kamar awa ɗaya, ki tsaya ki ga inda yake bi, ki dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai zanen laka da gansakuka. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da garin nan. Tun farkon ƙarnin da ya wuce Turawa suka yi ta haƙar kuza, suka bar ramuka da kududdufai birjik a wajen Rayfield, Bukuru har Barikin Ladi. Wasu suna nan da ruwansu kowa na gani, wasu an cike su da ƙasa ana yanka fuloti a kai. Ƙasar ciko ba ta gama zama ba, shekara kaɗan sai ki ga bango ya tsage tun daga linta har ƙasa. Tsofaffin unguwa sun san inda kowane rami yake, a tambaye su. Idan kuma filin kan fa ne, harsashi ya samu, amma ranar haƙa rijiya da ramin sokawe za ki san kin sayi dutse. Mun ga maƙwabcin da sai da aka yi kwanaki ana hura wuta a kan dutsen ana fasawa da guduma kafin ya sami ramin banɗaki.

To sai sanyi, wanda shi ne ainihin maigidan Jos. Muna zaune a tudun da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, amma sai mu riƙa kwafo zanen gidan da aka yi domin zafin Abuja ko Kano: silin can sama, falo kamar filin ƙwallo, tayil mai sheƙi ko'ina, manyan tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa. A Maitama wannan ni'ima ce. A nan kuwa firji kika gina wa kanki. Gidanmu na huɗu haka yake, sabo fil, kowa ya zo sai ya ce ma sha Allah. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba mai zama a falon. Duk mukan dunƙule a ƙaramin ɗakin yara da safa a ƙafa, autana kuma bai rabu da tari ba sai da muka bar gidan.

Saboda haka a nawa gidan ɗakunan kwana matsakaita ne, silin ɗinsu ba ya wuce yadda ya kamata, kuma ƙasansu ba tayil. Katako nake so, in bai samu ba a yi daɓen siminti a shimfiɗa kafet mai kauri. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka wancan ɓangaren sito da banɗaki zan jera su tare mini ita, da 'yan ƙananan tagogi. Manyan tagogin su kalli kudu, domin da hunturu rana ta can take karkata, ta shigo ta ɗumama ɗaki kyauta. Ɗakin tsohuwa kuma a ba shi taga ɗaya ta gabas saboda hantsi. Bangon waje bulo inci 9, ban yarda da inci 6 ba ko birkila zai rantse mini.

In kin sami sarari wata Asabar, ki ɗauki yara ku je gidan tarihi na Jos, ku zarce ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ki shiga ciki da tsakar rana, ki ji yadda jiki ke sakewa. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, da dare ta sako shi. Kakanninmu ba su san injiniya ba, amma sun san wannan. Ban ce ki yi ginin tubali da azara a Jos ba, ruwan nan namu ba zai bar shi ba sai da yaɓe duk shekara. Amma jan bulo na ƙasa da ake matsawa da inji a ɗan sa masa siminti, a ɗora shi a kan harsashin dutse, a yi masa rufi mai faɗin baki da zai kare bango daga feshi, wannan kam da ni ce mai kuɗin da shi zan yi. Baban yara ya ce mutane za su ce mun gaza sayen siminti ne. Na ce su faɗa, ba su za su kwana a ciki ba. Har yau ba mu gama wannan gardamar ba.

Abu ɗaya da nake sha'awa a tsofaffin gidajen Turawan kuza shi ne murhun cikin falo mai bututun hayaƙi da ya fita ta saman rufi. Shi zan sa a madadin falo na uku. Kin san abin da muke yi in sanyi ya matsa: a zuba gawayi a kasko a shigar ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Wani dare a Anguwan Rogo na farka kaina kamar ana sara, na miƙe jiri ya mayar da ni, da rarrafe na kai ƙofa. Tun daga nan kasko bai sake kwana a ɗakina ba.

Rufi kuwa kada a yi masa rowa. Kwano mai kauri, katako busasshe, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin linta, don iskar farkon damina ba ta san sabon gida ba. A sa silin na kirki, in ba haka ba ranar da ƙanƙara ta sauko ko maganar wanda ke kusa da ke ba za ki ji ba.

Yanzu bari in shigar da ke ciki. Ba bene. Na san bene shi ne alamar an isa, amma surukata ta zauna da mu shekara shida da ciwon gwiwa, matakala uku kacal na ƙofar falo sai an riƙe ta. Mu ma can muka nufa in Allah Ya ba mu tsawon rai. Ɗakin Hajiya yana kusa da tsakar gida inda za ta riƙa jin motsin jikoki, da banɗakinta a ciki, da ƙarfen dafawa a bango, ƙofar kuma mai faɗin da keken marasa lafiya zai shige.

Daga waje zaure za ki fara tararwa, ko a ce falon baƙi mai ƙofarsa daban da ɗan banɗakinsa da wurin alwala. Gidajen zamani da ake buɗe ƙofa a faɗo tsakiyar iyali sun wahalar da ni. Baƙon maigida na zaune, ke kina maƙale a kicin ba mayafi, kina aiken yaro ya ɗauko miki hijabi ta taga. Daga zaure sai tsakar gida, kuma a nan zan kashe rabin filin. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 in aka cika shi da ɗakuna har jikin katanga, ranar suna ko biki ko zaman makoki sai a rufe layi a kafa rumfa a titi, a shiga haƙƙin mutane. Ina son inda za a baza tabarmi, a kafa tukwane, yara su yi guje-guje ina ganinsu daga kicin. Gefe guda a yi baranda mai rufi da igiyoyin shanya, domin a watan Agusta sai a yi kwana uku rana ba ta leƙo ba, kayan makaranta su yi ta warin danshi a kan ƙofofi.

Kicin biyu ne. Na ciki mai gas da kabad da wurin wanke-wanke a gindin taga, na waje mai murhu da wurin turmi, don ba a tuƙa tuwon mutum talatin a kan gas, ba a kuma soya manja a kicin ɗin da ke manne da falo. Kusa da shi sito mai duhu da sanyi da 'yar kafar iska, a ɗora katako a ƙasa. Lokacin da dankalin Turawa ya yi araha a Farin Gada ki sayi buhu ki baza, haske ne ke sa shi ya yi kore.

Ruwan sha shi ne abin da ya fi cin mini rai a zaman haya. Garin da ruwan sama ke sauka fiye da milimita 1,200 a shekara, amma Maris na yi rijiyoyi su ƙafe, mu bi 'yan garuwa da roƙo. Wani malamin lissafi da muke koyarwa tare ya taɓa buga mini: kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita guda ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 ke nan yana zubar da sama da lita 120,000 a kwata duk shekara. Ba duka za ki iya tarewa ba, amma a sa indararo zagaye da rufin, a bar ruwan farko ya wanke ƙura, sauran ya gangara babban tanki na ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin wurin iyonki nan zan kai su. In za a haƙa rijiya ko burtsatse, a nisanta ta da sokawe aƙalla ƙafa 50, kuma ki tambayi inda na maƙwabci yake, don ƙazanta ba ta san katanga ba. Wuta kuwa sola, daidai fitilu da firji da famfon tura ruwa. Abin da Jos ta sauƙaƙa mana shi ne ba ma buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. A ƙara da tankin dumama ruwa na hasken rana a saman rufi, a huta da dafa ruwan wanka tun asuba.

Bayan gida, lambu. Wannan shi ne son zuciyata, kowa da nasa. Ƙasar da ke ba da kabeji, karas, latas da sitiroberi, a ce an shafe ta da siminti? Bishiyar fiya ɗaya, gwaiba, zogale a jikin katanga, kunya biyu ta alayyafo, da akurkin kaji. Sai wani ɗan sashe a kusurwa, ciki da falo da ƙofarsa ta waje. Yau a sa ɗan haya ya riƙa kawo kuɗin gyara, gobe yaro ya yi aure ya fara zama, jibi in 'ya ta dawo gida da 'ya'yanta, Allah Ya kiyaye, ba za ta kwana a falo ba.

Akwai wanda ba a zana shi a takarda, kuma duk ɗan Jos ya san shi. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun raba mana gari, kowa ya koma inda nasa suke, unguwanninmu suka cushe har fili ya fi ƙarfin talaka. Gidan da na tashi a ciki, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya Kirista ce. Da Kirsimeti ta aiko da shinkafa, da Sallah Inna ta aika mata nama, in Inna ta tafi unguwa a wurinta ake barin makulli. In kin tambaye ni gaskiyar mafarkina, wannan layin nake so a dawo mini da shi in dasa gidan a kai. Da na zo sayen fili ban iya ba, na saya inda zan kwana da ido biyu a rufe. Ke ma kafin ki biya, ki zaga unguwar da dare, ki san hanya nawa ke fita daga cikinta, ki gaisa da waɗanda za ki buga wa ƙofa in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare.

Takardu kuma kada ki tsaya a kan rasit da sa hannun mai unguwa. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, ki bi sawu har ki sami takardar mallaka, a kuma amince da zanen ginin kafin a haƙa harsashi. In filin gado ne, duk magada su sa hannu, har wanda ke Legas.

Namu yanzu yana linta, shekara huɗu ke nan. Duk lokacin da muka tara na kwano sai farashi ya yi gaba ya bar mu. Amma tankin ƙasa an gama shi, shi na dage aka fara yi, har maƙwabta na ɗiba da rani. Fiyar da na dasa ranar da aka aza harsashi ta fi katanga tsawo, bana ta fara fure. A wace unguwa kike neman naki filin? In wajen rafin Dilimi ne, kada ki ba da ko sisi sai Agusta ta wuce.