Kawuna ya tono kan mutum na yumɓu a gona, an ce mu fasa akwai zinariya a ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a yankin Kagarko, jihar Kaduna. Tun ina yaro nake son labaran mutanen da, su Bayajidda da macijin Kusugu, su Barbushe da Tsumburbura. Makon jiya kawuna yana haƙar ƙasar bulo a gefen gonarsa, sai diga ta ci karo da kan mutum na gasasshen yumɓu, girmansa kamar ƙaramar ƙwarya, idanunsa a huje, ga tsingaro da gawayi kewaye da shi. Tun ranar gidanmu babu kwanciyar hankali. Wani ya ce a fasa, mutanen da suna ɓoye zinariya a ciki, ga ma ƙyallinta nan a jikin yumɓun. Wani ya ce gunki ne, a jefa shi wuta kafin ya jawo mana masifa. Jiya kuma wani baƙo ya zo a kan babur ya taya naira dubu 50. Malam, na zamanin Bayajidda ne? Me ya kamata mu yi? Ina tsoron kafin Juma'a a farfasa shi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai je ka roƙi kawu, don Allah kada a fasa, kada a ƙona, kada a wanke, kada a sayar, kuma a dakata da haƙa a wannan ramin. Sauran bayani ya biyo baya.

Abin da ka siffanta ya yi kama da kayan al'adar Nok, wato wasu mutanen da da suka zauna a tsakiyar Najeriya, suka shahara da gina siffofin mutane da gasasshen yumɓu. Wurin da ka ambata yana cikin tsakiyar ƙasarta, don a Janjala da ke nan Kagarko masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka kafa sansanin bincikensu, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Siffar da ka bayar ma ta yi kama. Ka duba idon: idan yana da kusurwa uku ko ya yi kamar rabin wata, ƙwayarsa a huje, hanci da kunne su ma a huje, ga kitso ko tukkaye a ka, to alamu sun ƙaru. Hukunci na ƙarshe dai sai masani ya gani da idonsa, ya ga ramin kuma.

Batun Bayajidda, idan wannan kai na Nok ne, ya girme shi nesa ba kusa ba. Jerin sarakunan Kano ya sa zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, a shekarar 999, kuma labarin ya ce jikan Bayajidda ne ta wajen Bawo. Su kuwa mutanen Nok sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka fara gina waɗannan siffofi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, al'adar ta ɓace dab da zamaninsa. Ka ga ko autan kawunan Nok ya ba Bagauda kusan shekara 1,000, manyansu kuwa kusan 1,900. Sunan ma aro ne daga ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono na farko a 1928. Labarin Daura yana da darajarsa, yana faɗa mana yadda sarautun Hausa suke kallon zumuncin da ke tsakaninsu. Amma ba kowane abu da ya fito daga ƙasa ake jingina masa ba.

Yanzu ga maganar zinariya, wadda ita ce ta fi ci mini rai, domin babu jita-jitar da ta hallaka kayan tarihi a ƙauyukanmu kamarta. Kullum ita ce: a kawo buhu cike da ɓaraguzai, a ce "mun duba ne ko akwai wani abu a ciki." Babu komai a ciki. Kan Nok fanko ne, kamar tulu. Yadda mai ginin tukwane take murza yumɓu ta yi igiya-igiya tana ɗorawa tana shafewa, haka aka gina shi. An bar cikinsa wayam ne da gangan, domin yumɓu mai kauri yana riƙe danshi, in ya sha wuta tururi ya rasa hanyar fita sai ya tarwatse. Hujojin ido da hanci da baki, ban da kyan da suka ƙara wa fuskar, suna ba tururin nan mafita. Duk matar da ta taɓa gasa tukunya ta san wannan ba sai an karanta mata ba.

Ita kanta sana'ar ta ƙaryata zancen. Ɗanyen yumɓu yana tsukewa idan yana bushewa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi. Ka cusa dunƙulen ƙarfe a cikin ɗanyen yumɓu ka ajiye, kafin a kai ga gashi ya tsattsage. Sannan ga nauyi. Zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19, gasasshen yumɓu kuwa kamar sau 2. Zinariya mai girman kwalin ashana ta kai rabin kilo, mai girman ƙwan kaza ta haura kilo guda. Da tana ciki, da hannun da ya ɗaga kan ya ba da labari tun a bakin rami. Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya haska fitilar waya ta ramin wuya ko ta ido ya leƙa. Ƙasa zai gani da saiwoyi. Gani ya kori ji, kuma ba a fasa komai ba.

To ƙyallin fa? Shi ne tushen rigimar, kuma yana da bayani. Maginan Nok suna cakuɗa yumɓunsu da dakakken dutse don ya jure wuta. A da akwai laushin shafe a saman fatar, amma shekaru da tsamin ƙasa sun cinye shi, shi ya sa jikin ya zama garas-garas, tsakuwoyin suka fito fili. A cikinsu akwai wani ma'adini mai sheƙi da ake kira maika, wanda ke cikin duwatsun yankin, irin wanda kake gani yana walƙiya a yashin rafi da rana tsaka. Ka sami tsingaro guda da ya riga ya rabu, ka sa bakin allura a kan ɗigon mai ƙyalli. Maika ɓarewa take yi fallen-fallen kamar ɓawon albasa, ta marmashe. Zinariya ba ta marmashewa, lotsawa take yi. Ka juya tsingaron ka kawar da shi daga rana, za ka ga ƙyallin maika ya mutu, alhali zinariya ko a inuwa launinta na nan.

Wani zai ce ai an taɓa samun zinariya a ƙasa. An samu. A Durɓi Takusheyi ta ƙasar Katsina, kaburburan manya da aka tona a 1992 sun fito da kayan ado na zinariya, da wuri, da tasar tagulla. Amma wannan kabarin masu mulki ne na wajen ƙarni na 13 zuwa na 16, zamanin fataucin Sahara, kuma a jikin mamaci aka sa kayan. Tsakaninsu da Nok akwai fiye da shekara 1,000. Abin da aka yi shekaru ana samu a kufan Nok shi ne tukwane, duwatsun niƙa, gatarin aradu, duwatsun wuya, gawayi, da kashin maƙera a wuraren narkar da tama irin su Taruga. Dillalan da ke yaɗa zancen zinariya sun san haka sarai. Jita-jitar tana yi musu aiki: tana sa matasa su bar noma su bi gona da diga suna rami kyauta, in an dace da kai lafiyayye su saye a wulaƙance, in an farfasa su kwashe ɓaraguzan. Kuma ɓaraguzan ma suna da kasuwa, don da su ake haɗa jabu: a liƙa hancin wannan da goshin wancan, a cike giɓi da garin tsohon tsingaro da gam. Shi kuwa mai gona a bar shi da ramuka, ba tsuntsu ba tarko. Haka aka yi wa yankin Nok a shekarun 1990, haka aka yi wa Kwatarkwashi a Zamfara, haka aka yi wa Bura a Nijar. Shi ya sa a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina da na Bura cikin jan jerin kayan da ake wawashewa.

Wuta kuma ta fi guduma ɓarna ta wata fuskar. Ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suna tara wani ƙarfi daga ƙasar da suke kwance a ciki, kaɗan-kaɗan kowace shekara, tun daga ranar da aka gasa su. A ɗakin gwaji ana huda wuri ƙarami a ɗebi garin da bai cika cokalin shayi ba, a zafafa shi, a auna hasken da ya fitar, daga nan a lissafa shekarun. Zafin da ya kai wajen digiri 500 yana goge wannan lissafi kaf. Ka jefa kan cikin wuta yau, gobe gwaji zai ce jiya aka gasa shi, mai shekara 2,500 ya koma daidai da na jabu.

Gawayin da ka ambata, kada ka raina shi, wataƙila ya fi kan ba da labari. Ƙwayar gero ɗaya da ta ƙone ta isa a yi mata gwajin kabon-14, wanda ke nuna shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Ta irin wannan hanya aka san mutanen Nok gero suke nomawa da wake, suna cin atili. Daga maiƙon da ya shige jikin tsingaro kuma, binciken da aka wallafa a 2021 ya gano kakin zuma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka sami maiƙo a jikinsu. Ka ga abin da omo da soso za su wanke. Ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi, don haka kabari ba ya bayyana sai ta jerin duwatsu da tukunya da duwatsun wuya a yadda aka ajiye su. Diga ɗaya ta wargaza jerin, shi ke nan.

Ga abin yi. Ka ɗauki hoton ramin daga sama da kowane gefe, ka ajiye rula ko biro a ciki don a gane girma. Ka auna zurfin inda kan ya fito, ka rubuta, ka adana lambobin wurin daga taswirar wayarka. Abin da ke cikin ƙasa a bar shi, a shimfiɗa buhu a kai a mayar da ƙasa tafin hannu biyu ko uku. Abin da ya riga ya fito a shanya shi a inuwa ya bushe a hankali, ban da rana, ban da ɗaure shi a leda yana da danshi. Kowane gutsure a naɗe shi daban da tsumma mai tsabta, a jera a kwali. Kada a ɗaga kan ta kunne ko ta tukku, a tallabo shi da hannu biyu ta ƙasa. Kada a kankare ƙasar da ke jikinsa, ana bukatarta wajen gwaji. Kada a liƙa komai da gam. Kuma kada ka sa hoton da sunan ƙauye a Facebook ko WhatsApp, in ba haka ba kafin wayewar gari gonar ta zama kasuwa.

Mai babur kuma a sallame shi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta hana haƙa ba izini, ta hana fitarwa waje, kuma akwai tara ko ɗauri. Ta ce wanda ya tsinci irin wannan ya sanar cikin kwana 7, ga hukumar da kuma ƙaramar hukumarsa. Ku fara da mai unguwa da dagaci, sannan ka rubuta takarda kwafi biyu ka kai gidan tarihi na Kaduna, a buga maka hatimi a kan naka kwafin. Na sani, talaka yana gudun ofis saboda "je ka dawo", kuma abin takaici ne a ce dillali ya iso gona cikin kwana biyu, takarda kuwa ta yi wata a kan tebur. Wannan jinkiri yana daga cikin abin da ke tura mutanen kirki hannun ɓarayi. Don haka kada ka tsaya a ƙofa ɗaya, ka aika kwafi ga sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Duk wanda ya zo karɓa ya nuna katin aiki, a miƙa a gaban dagaci, a ba ku rasit mai ɗauke da bayanin kowane gutsure.

Saura masu cewa gunki ne zai jawo masifa. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Wanda ya yarda cewa yumɓun da aka gasa zai iya cutar da gidansa, ai shi ne ya ba shi ƙarfin da ba shi da shi. Babu mai bauta wa wannan kai a yau, masu shi sun shuɗe shekara 2,000 da suka wuce. Alƙur'ani a wurare da dama ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, a Suratu Yunus kuma Allah ya ce zai tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya. Da me za a duba in mun farfashe? Wanda bai natsu da ajiye shi a ɗaki ba yana da gaskiyarsa, kuma maganin wannan a fitar da shi daga gidan zuwa inda ake adana irinsa. Kan yumɓun da aka samu a ƙasar Jama'a ta kudancin Kaduna, wanda ya sa Baturen masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gane wannan al'ada a farkon shekarun 1940, a gonar doya ya yi zama yana korar tsuntsaye, bai kashe kowa ba, bai kuma ba kowa arziki ba.

Kai kuma Malam, kafin a zo ɗauka, ka nemi izinin kawu ka kawo ɗalibanka su gani, su tsaya nesa kaɗan, kowa ya zana idon a littafinsa. Takardar kuwa ka rubuta ta yau, don kwana bakwan sun riga sun fara tafiya tun ranar da digar ta taɓa shi.