Ina da ciwon hanta na B kuma ina da juna biyu, jaririna zai ɗauka?

'Yar'uwa, kin ce a Jidda aka gano miki ciwon hanta na B wajen awo, cikin yana wata shida. Allah ya raba lafiya. Kwantar da hankalinki, ana kare jarirai daga wannan cuta sosai.

Yawanci a lokacin haihuwa ake ɗauka, ta jinin uwa. Abin da ke tayar min da hankali shi ne jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 cutar takan zauna masa har girma, ta yi ta cin hanta shiru. Don haka allurar rigakafi ta farko ba ta jiran suna. A yi ta cikin awa 24 da haihuwa, in da hali kafin awa 12, haɗe da allurar HBIG, wadda ke ba jariri kariya nan take. Saudiyya ta soma yi wa jarirai wannan rigakafin tun 1989, kuma sauran alluran suna biyowa a wata 2, 4 da 6. Kar ki tsallake ko ɗaya.

Don Allah a asibiti za ki haihu. Na san wasu 'yan'uwanmu kan haihu a gida saboda matsalar iƙama (takardar izinin zama), amma nan ne awannin ke wucewa. Ki nuna wa ungozoma takardar gwajinki tun kina shiga.

Yanzu kuma ki nemi a auna yawan ƙwayar cutar a jininki. Idan ta yi yawa, likita zai ɗora ki kan maganin tenofovir daga mako na 28. Nono kuwa ki ba jaririn, ba laifi. Ya kai wata 9 zuwa 12, a gwada jininsa, a kuma gwada maigida da sauran yaran.