Shin kiɗan Joy Division ne ya jawo wa Ian Curtis farfaɗiya?

Tambaya: Likita, ƙanena yana da farfaɗiya, kuma ya kamu da son waƙoƙin post-punk (wani salon kiɗan rock) na Ingila, musamman na ƙungiyar Joy Division. An ce mana kiɗan ne ya jawo wa mawaƙinsu iskoki har suka yi ajalinsa. Wani mai magani ya ce mu raba yaron da waƙoƙin, mu ajiye ƙwayoyin asibiti, mu koma hayaƙi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, waƙoƙin ba su ne abin tsoro ba, shawarar ajiye maganin ce ta tayar mini da hankali.

Ian Curtis, mawaƙin ƙungiyar, ya yi mummunar faɗuwa a Disamba 1978, a hanyar komawa gida bayan wasa a Landan, kuma a Janairu 1979 likitoci suka tabbatar farfaɗiya ce. Daga nan rayuwar da ya shiga ta haɗa duk abin da muke hana majinyatanmu: kwana a mota daga wannan gari zuwa wancan, rashin barci, barasa, da fitilun dandali masu walƙiya. Rawarsa ta fizge-fizgen hannu ta sa 'yan kallo ba sa bambance wasa da ciwo, har a Afrilu 1980 ya faɗi a dandalin Rainbow na Landan. Ga baƙin ciki mai tsanani da rikicin aure, ga magungunan wancan zamani masu dagula yanayin zuciya. Ya kashe kansa ranar 18 ga Mayu 1980 yana da shekara 23, lokacin da ƙungiyar ke shirin tafiya Amurka. Abokansa da suka buga kiɗan nan tare da shi kowane dare sun ci gaba da sunan New Order, babu wanda iska ta buge. Akwai farfaɗiyar da sauti ke tayarwa, amma ba kasafai ake samunta ba, kuma da ƙanenki yana da ita da kun lura tuntuni.

Maganar iskoki kuwa, kusan kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Za a kawo yaron da ya shekara bai faɗi ba, a tambaya me ya faru, sai a ce wani ya hana shi shan magani domin wai ƙwaya tana fusata mutanen ɓoye. Daina maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa ko ta kashe. Mai hayaƙin da ya karɓi kuɗinku ba za ki gan shi a ɗakin gaggawa ba ranar da abin ya auku. Su ne dai masu cewa a cusa cokali a baki, a ɗura ruwa, ko a guje wa yawun mai ciwon. Cokali haƙori yake karyawa, ruwa huhu yake shiga, yawu kuma ba ya sa wa kowa farfaɗiya. Addu'a ba ta taɓa hana shan magani ba.

Ki bar masa waƙoƙinsa, ki tsare masa barci da lokacin magani. Idan ya faɗi, ku kwantar da shi ta gefe, ku sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in ya wuce minti 5 ku garzaya asibiti. Idan kuma kika ga ya keɓe kansa ko yana yawan zancen mutuwa, ki kai shi wurin likitansa a ranar.